Toyota Highlander mai kujera bakwai: mutum nawa take ɗauka a zahiri?

Duk wanda ya shiga kasuwar motoci a Kano ko Kaduna ko Abuja ya ce yana neman motar da za ta kwashe shi da iyali, kafin ya rufe baki dillali ya nuna masa Highlander. Hujjojin da za a jero masa ba sa canzawa: kujera bakwai ce, sanyi yana kaiwa har baya, kuma Toyota ce. Duka ukun gaskiya ne. Amma na farkon, wanda shi ne ya fi sa mutane fitar da kuɗi, shi ne kuma mafi rauni idan aka ɗauko tef da sikeli. Wannan rubutu a kan ƙirar da aka yi daga 2014 zuwa 2019 yake, domin ita ce masu sayen 'yar Beljiyam suka fi sa wa ido, kodayake zan riƙa leƙa waɗanda suka gabace ta da waɗanda suka biyo bayanta.

Mu fara da sunan da muke kiranta. A wurinmu duk mota mai tsayi jif ce, ko Prado ce ko RAV4. A wurin injiniya kuwa gida biyu ne. Akwai motar da ake fara ƙera mata shasi mai kama da tsani, a ɗaura injin da tayoyi a jikinsa, sannan a ɗora bodi a sama. Haka ake yin Prado da Land Cruiser da Hilux. Akwai kuma wadda bodin da shasin abu ɗaya ne, kamar kwanon da aka buga daga ƙarfe guda, irin Camry da Corolla. Highlander 'yar gida na biyu ce. Tun da Toyota ta fito da ita a shekarar 2000, a kan tushen Camry aka gina ta: injin a kwance a gicciye, tayoyin gaba ne ke ja. Wato Camry ce da aka ɗaga, aka faɗaɗa, aka ƙara mata layin kujeru. Wannan ba zagi ba ne. Shi ya sa take da laushi a kan kwalta, ba ta jijjiga yara, ba ta da nauyin Prado, kuma ba sai an yi tsalle ake shigarta ba. Sai dai ka riƙe wannan asali nata a ranka, domin kusan duk abin da zan yaba da wanda zan soka daga nan ya samo tushe.

Injin dai ba ni da ta cewa a kansa sai yabo. V6 ne mai lita 3.5, wanda 'yan kasuwa ke kira mai filogi shida, ƙarfin doki 270 a ƙirar 2014 zuwa 2016, sannan 295 daga 2017 bayan da aka sabunta shi aka haɗa shi da giya takwas. Sarƙa ce ke haɗa motsin cikinsa, ba bel ɗin roba ba irin na V6 ɗin ƙirar farko, don haka an rage maka wani abin da lokaci ke cinyewa. Dangin injin nan ne a cikin Camry mai V6, da Avalon, da Venza, da Sienna, da Lexus RX 350, kuma ka san abin da hakan ke nufi a ƙasar nan: kayan gyara suna nan, bakaniken unguwa ma ya taɓa buɗe irinsa. Akwai kuma mai filogi huɗu, lita 2.7, wanda ake tallatawa da cewa ba ya shan mai. Duba alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, na ƙirar 2014: mai filogi huɗu kusan lita 10.7 a kowace kilomita 100, V6 mai jan gaba kusan lita 11.2. Rabin lita ke nan. Dalili kuwa a fili yake. Nauyin motar bai ragu ba, iskar da take tsagawa ba ta ragu ba, ƙaramin injin ne kawai aka bar wa aikin, sai ya riƙa yin sa da maƙogwaro a buɗe. Ka ba da ƙarfin doki 85 a kan rabin lita, ranar da za ka wuce tirela da mota cike da mutane za ka ji kewarsu. Ni dai ban ga wanda wannan ƙira ta dace da shi ba.

To, yanzu ga inda magana take.

Layi na uku

Masu ƙera mota suna auna sararin ƙafa na kowane layi. A wannan Highlander, layi na biyu yana da kusan santimita 97, na uku kuwa santimita 70. Ka ɗauko tef ka auna daga bayan ƙugunka zuwa gwiwa kana zaune, sannan ka tuna akwai ƙauri da tafin ƙafa da su ma suke neman wuri. Kuma adadin bai faɗi duka labarin ba. Ƙarƙashin wannan layi akwai kayan ƙafar baya da sifiya, don haka daɓen motar ya tashi sama, ita kuma kujerar an kwantar da ita ƙasa don kada kai ya bugi rufi. Babban mutum idan ya zauna, gwiwarsa tana sama da ƙugunsa, cinyarsa ba ta kwanta a kan kujera, nauyinsa duka ya koma kan ƙashin mazaunai. Daga gida zuwa masallacin Juma'a babu komai. Daga Kano zuwa Maiduguri kuwa, kada ka sa surukarka a nan.

Ana iya turo layi na biyu gaba a ba na baya sarari, amma bargon nan guda ne, idan ka ja shi ka rufe kai ƙafa ta fito. A takarda ma an ce mutum uku ne a layin ƙarshe, shi ya sa za ka ga mai kujera bakwai, biyu a gaba, biyu a tsakiya, uku a baya, da mai takwas wadda tsakiyarta benci ne. Mutum ukun nan yara ne 'yan firamare. Ita kanta Toyota ta san da haka, tunda a 2023 ta fito da wata mai suna Grand Highlander, wadda babban abin da aka tallata ta da shi shi ne an ƙara sararin ƙafa na layi na uku zuwa kusan santimita 85.

Abin da ya fi damuna ma ba matsin ba ne, but ne. Idan layi na uku yana tsaye, abin da ya rage na kaya kusan lita 390 ne. But ɗin Camry ta wannan zamani ya haura lita 430. Ka sake karantawa: motar da ka saya don ta ɗauki mutum bakwai, idan ta ɗauke su, wurin kayanta bai kai na motar mutum biyar ba. Idan ka kwantar da layin, sarari ya koma kusan lita 1,200, abin sai wanda ya gani. Ashe zaɓi aka ba ka, ko mutane ko kaya. Alhali ranar da iyali ke buƙatar kujera bakwai, wato tafiyar Sallah ko biki ko kai yara makarantar kwana, ita ce ranar da kaya suka fi yawa.

Masu ƙirar ba su yi kuskure ba, iyalin da suke tunani daban ne. Sun zana ta ne don gida mai yara biyu ko uku, inda layi na uku ke fitowa sau ɗaya a mako idan za a rage wa 'ya'yan maƙwabta hanya. A binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018, matsakaicin haihuwa ga mace guda a Arewa maso Yamma 6.6 ne. A gida irin wannan layi na uku ba na ko-ta-kwana ba ne, kullum a cike yake, kuma yaran da suka dace da shi bana, nan da shekara huɗu sun fi ƙarfinsa.

Nauyi, da abin da kariya ke yi wa mota

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda a manne, wadda ke faɗin iskar da ya kamata taya ta sha da kuma iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. A irin waɗannan motoci adadin yana kewayen kilo 600, ya danganta da ƙira. Dokar Amurka tana lissafa kowane fasinja a kan kilo 68. Mutum bakwai kilo 476 ke nan, takwas kuma 544. Ka ƙara buhun shinkafa mai kilo 50, da jarkar manja, da akwatuna, ka ga ka iso iyaka ba tare da ka yi wani abin da za a kira obalodi a tasha ba. Motar ba za ta yi ƙorafi ba, injin yana da ƙarfin ja. Tayoyin baya da shokozoba da birki su ne ke biya a ɓoye.

Tunda but ya cika, mafita ita ce kariya a kan rufi, kuma nan ne kimiyyar lissafin motsi ke shigowa. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, wato wurin da za a iya ɗauka cewa nauyinta duka ya taru. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana auna saurin kifewar mota da lissafi mai sauƙi: a ɗauki faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa. Yawan adadin, wuyar kifewa. Ƙananan motoci sukan faɗa tsakanin 1.3 da 1.5, dogaye kuwa tsakanin 1.0 da 1.3.

Bari mu gwada. Faɗin da ke tsakanin tayoyin Highlander kusan mita 1.63 ne. Mu ɗauka, don misali kawai, cibiyar nauyinta tana santimita 68 daga ƙasa, nauyinta kuma kilo 2,000. Amsa ta fito 1.20. Yanzu ɗora kilo 100 a kan rufi, a tsayin mita 1.9. Cibiyar nauyi ta tashi zuwa kusan santimita 74, amsa ta sauko 1.10. Buhu biyu kacal, amma sun cinye kaso mai tsoka na tazarar da injiniyoyi suka sha wahala suka samar. Su ma fasinjoji suna ɗaga cibiyar kaɗan, domin a zaune suke sama da ita.

Ba wai motar za ta kife don kawai ka sha kwana ba. NHTSA ta nuna cewa kusan kashi 95 cikin 100 na kifewar da mota ke yi ita kaɗai, wani abu ne ya harɗe ta: taya ta zame ta daki gefen titi, ko ta nutse a ƙasa mai laushi, ko ta faɗa rami tana tafiya a karkace. Yanzu ka kwatanta da hanyoyinmu. Ka kauce wa rami a guje, tayar dama ta sauka daga bakin kwalta inda ruwa ya zaizaye, ka fizgo sitiyari don ka dawo. Wannan shi ne ainihin harɗewar da ake magana. Highlander tana da na'urar daidaita tafiya da Toyota ke kira VSC, wadda ke lura idan mota ta fara zamewa ta taka wa taya ɗaya birki don ta miƙe. Na'ura ce mai matuƙar amfani, har Amurka ta wajabta irinta a kan sababbin motoci daga ƙirar 2012. Amma da idanun ABS da ke jikin tayoyi take gani. Motar da fitilar ABS ko VSC ke kunne a dashbod, aka ce maka ai ƙaramin abu ne, ta rasa babban abin da ke tsakaninta da ƙundumbala.

Sai birki. Makamashin da mota mai gudu ke ɗauke da shi shi ne rabin nauyinta sau gudunta sau gudunta. Kilo 2,000 a gudun kilomita 100 a awa ya kai kusan jul 770,000. A gudun 120 ya haura jul miliyan 1.1, ƙarin kashi 44 cikin 100 a kan ƙarin gudu na kashi 20. Cika ta da mutane da kaya ta kai kilo 2,600, ya zama sama da miliyan 1.4. Idan ka taka birki, wannan makamashi ba ya ɓacewa, zafi yake komawa a jikin faranti da takalmin birki. Taka ɗaya ba matsala. Doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, da ƙafa a kan birki tun daga sama, ita ce matsala. Man birki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma yana tsotsar danshin iska, kuma wanda ya sha ruwa ma'auninsa digiri 140 ne. Idan ya tafasa, tururi ya shiga bututu, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Mutum nawa ka sani da suka taɓa canza man birki ba don ya zube ba? A gangara, sauko da giya ka bar injin ya riƙe motar, giyar Highlander tana da wurin yin haka da hannu.

A ɓangaren karo, adalci ya sa a faɗi cewa motar ta yi kyau. Ta samu taurari 5 a jimlar gwajin NHTSA, da 4 a ɓangaren kifewa, kuma jakar iska ta gefe tana sauka kamar labule har layi na uku. Nauyinta ma riba ne ga na ciki idan ta yi karo da ƙaramar mota, domin mai sauƙin nauyi ce gudunta ke canzawa da ƙarfi. Sai dai ka san a ina ake zaunar da mutum-mutumin gwaji: direba da na kusa da shi a karon gaba, direba da na layi na biyu a karon gefe. Taurarin nan ba su ce komai ba game da layi na uku. Wanda ke zaune a can, tsakanin ƙeyarsa da ƙofar but ɗan taƙi ne, ƙarfen da zai lanƙwashe ya shanye bugu daga baya bai kai na mota mai dogon but ba. Wannan ba dalilin barin layin a banza ba ne, yaro a layi na uku da bel a ɗaure ya fi yaro a cinya nesa ba kusa ba. Amma a ɗaga matashin kai ya kai ƙeya, kuma jarirai a bar su a layi na biyu, inda ƙugiyoyin ƙasa na ɗaure kujerar jariri suke. Layi na uku ba shi da su.

Tunda na ambaci cinya: mota mai gudun kilomita 50 a awa idan ta daki abu ta tsaya cikin rabin mita, abin da ke cikinta yana jin ja kusan ninki 20 na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 ya zama kilo 200 a hannun mahaifiyarsa, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu hannun da zai riƙe shi. Idan kujerun ƙarin nan za su sauke yaro ɗaya daga cinya su sa shi cikin bel, to sun biya kuɗinsu, duk da sukar da na yi musu.

Na waje kuma fa? A 2023 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta fitar da binciken da ya nuna motocin da gabansu ya haura mita ɗaya sun fi masu gajeren gaba mai gangara kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. Gajeren gaba ƙafa yake ɗauka, dogo kuwa ƙirji da ciki. A lungunanmu da yara ke wasa a bakin ƙofa, tsayin da ke sa ka hango nesa shi ne ke ɓoye maka ɗan shekara biyu da ke tsaye gaban bamba. Duk ƙirar 2014 zuwa sama tana da kyamarar baya, ka tabbata tana aiki kafin ka biya.

Maganar AWD ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A wannan ƙira tayoyin gaba ne ke ja kusan kullum, idan sun fara santsi sai a tura har rabin ƙarfi zuwa baya. Akwai maɓallin kullewa, amma yana sakin kansa da zarar ka wuce kusan kilomita 40 a awa, kuma babu ƙaramar giyar daji irin ta Prado. Zai fitar da kai daga taɓon lungu da damina, ba zai ratsa yashi mai zurfi da kai ba. Yana ƙara nauyi da shan mai, yana kuma son tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cin da ya yi daidai, abin da mai sayen taya ɗaya-ɗaya ba ya yi. Tsayin cikinta daga ƙasa, kusan santimita 20, shi ne ke yi maka yawancin aikin da kake zaton AWD ke yi. Kuma tsayin nan ba lasisin shiga ambaliya ba ne, ruwa ba ya matsuwa, idan injin ya zuƙe shi ta hanyar iska sandunan ciki ne ke lanƙwashewa. Wajen taya, mai rim 18 ta fi mai rim 19 dacewa da ramukanmu: gefen robar ta farko milimita 147 ne, ta biyu 135, kuma wannan robar ce ke shan bugu kafin rim.

Mai kuwa, tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, ya daina zama abin da ake tunawa bayan an saya. Camry mai lita 2.5 ta 2014 tana shan kusan lita 8.4 a kilomita 100 a ma'aunin EPA, Highlander V6 kuma 11.2. Mai yin kilomita 15,000 a shekara zai sayi ƙarin lita 420. Idan aka ɗauka lita naira 900 ce, naira 378,000 ke nan, kuma alƙaluman ɗakin gwaji ne, babu cunkoson kasuwa da AC a ƙure cikin watan Afrilu. Kuɗin da kake biya kowace rana ke nan don kujeru biyun da wataƙila sau goma za ka buɗe a shekara. Akwai mai haɗa fetur da batir, wadda a wannan ƙira take saukowa kusan lita 8.4, daga ƙirar 2020 kuma kusan 6.5. A cikin gari ribarta take, domin tana mayar da makamashin birki cikin batir maimakon ya tafi a zafi. Batirin yana ƙarƙashin kujerun tsakiya, iska ce ke sanyaya shi ta wasu ƙananan tagogi, don haka ƙurar hunturu da ledar da yaro ya cusa abokan gabansa ne.

Duk abin da na faɗa game da taurari da jakar iska, a kan motar da ta fito daga masana'anta ne. Da yawa daga cikin waɗanda ke isowa nan an saye su ne a gwanjon motocin da inshora ya sallama bayan haɗari ko ambaliya. Bodin da yake haɗe da shasi an ƙera shi ne ya lanƙwashe sau ɗaya ta hanyar da aka tsara. Idan aka ja shi da sarƙa aka gasa da wuta aka shafa fenti, zai yi kyau a ido, amma ƙarfen ba shi ne na da ba. Lambar VIN mai harafi da lamba 17 tana jikin gilashin gaba, da ita ake binciko tarihin motar a intanet, kuɗin binciken bai kai na cika tanki ba. Kunna makulli ka kalli fitilar jakar iska: ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, domin ana cire ƙwan. Idan mai giya takwas ce ta 2017 ko 2018, tuƙa ta sosai ka saurari kuka ko jinkirin shiga giya, an yi ƙorafin haka a farkon fitowarta. Bayan ka saya kuma, kada ka yarda a cire mata abin da ke tsare zafin ruwan injin wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutarsa tana ci gaba da zuba masa mai fiye da kima.

Akwai motar da ke tsaye kusa da ita a kasuwa wadda mutane ke ɗauke kai daga gare ta: Sienna. Injin ɗaya, kamfani ɗaya, shan mai a ƙirar 2014 daidai da na Highlander V6. Sararin ƙafa a layinta na uku kusan santimita 92, but ɗinta kuma da kowace kujera a tsaye kusan lita 1,100, kusan ninki uku. Daɓenta yana ƙasa, tsohuwa za ta shiga ba tare da an tallafe ta ba, ƙofofinta na zamewa ne, yaro ba zai buɗe ya daki mai babur ba. Abin da Highlander ta fi ta shi ne 'yan santimita uku zuwa huɗu na tsayin ciki, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan layinku ya zama kwari da damina. Sauran kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, kwarjini ne. Sienna ta zama motar haya a manyan hanyoyin ƙasar nan, ba kowa ke son ya isa ɗaurin aure a ɗauka lodin Abuja ya kawo ba. Ina gane wannan, kuma ba na raina shi. Amma masu haya ba don sha'awa suka zaɓe ta ba, sun zaɓe ta ne don ita ce ke ɗaukar manya bakwai da jakunkunansu ta kai su.

Ga gida mai yara uku, ko huɗu ƙanana, wanda hanyar unguwarsu ba ta da kyau, Highlander V6 mai jan gaba mota ce da zai yi wuya ka yi nadamarta, a matsayin motar mutum biyar mai ƙaton but da kujeru biyu na rana ɗaya-ɗaya. Idan kuwa ku bakwai ne kowace safiya, kuma biyu daga ciki sun shiga sakandare, ranar zuwa dubawa ka tafi da wanda ya fi tsayi cikin yaran da akwatuna biyun da kuka saba tafiya da su. Daidaita kujerar direba yadda kake tuƙi, zaunar da babba a bayanka, yaron a layi na uku da bel a ɗaure, sannan ka sa akwatunan ka gwada rufe but.